Shekarar da Layinmu Ya Tara Gemu

Tun da Auta ya dawo daga gidan yari mazan layin nan suka tsiri tara gemu. Ba wa'azi aka yi musu ba, ba kuma yayi ne ya shigo ba. Har Tela, wanda gemunsa bai wuce silli-silli irin na bunsuru ba, cewa yake tara shi yake yi. To wa za a yi wa wayo? Kowa ya san dalili, faɗa ne dai ba mai yi.

Shagon askin na Kawu ne, wan mahaifiyar Auta. Ɗan ɗaki ne mai kujera ɗaya, da madubin da ya tsage a kusurwa, da dogon benci inda ake zaman jira da gulma. Kawu ya tsufa a kan aski, har ya kai hannunsa ya fara rawa, kilifa ma sai ya riƙe ta da hannu biyu. Shi kuwa Auta, tun yana ɗanyen kai ya yanki wani da wuƙa a kafaɗa wajen faɗa a tasha, aka ɗaure shi. A can ciki ya koyi aski, ya aske fursunoni, ya aske gandurobobi, hannunsa ya faɗa. Da ya fito ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya cinye, amma duk inda ya je sai ya tarar sunansa ya riga shi isa: Ɗan Wuƙa. Kawu ne ya ce, "Zo ka karɓi kujerar nan, ɗan ƙanwata ba zai yi zaman banza ina raye ba."

Aski dai ana zama ya yi. Kilifa ba ta kisa. Sai ya gama kai, ya gyara ƙeya, ya kaɗa kumfa, ya ɓare sabuwar reza ya sa a aska, a nan ne mutum zai tuna yana da uzuri.

"A'a, bar gemun, tara shi nake yi," in ji Direba, yana dafe maƙogwaro kamar mai tari.

"Ko gefen saje ba za a daidaita ba?"

"Bar shi haka, uwargida ta ce ya yi mini kyau."

Uwargidan da kowa ya ji tana yi masa tsiya ta bayan katanga cewa ya koma kamar tsohon burushi! Auta ya ninke askar ya ajiye. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Bai damu da ɗan abin da ake biya na gyaran fuska ba. Abin da ke sukarsa shi ne wannan hannun da kowa ke kaiwa wuya, manya da yara, har waɗanda suka yi wasan ƙasa tare.

Kawu kuwa yana kan kujerarsa ta roba a bakin ƙofa yana ta faɗa. "Ku ji tsoron Allah! Yaro ya yi laifi, hukuma ta hukunta shi, ya gama. Ku kuma kun buɗe naku gidan yarin a nan, ba alƙali, ba ranar fita." Sai 'yan benci su ce gaskiya ne Kawu, wallahi gaskiya ne, su ci gaba da shafa gemu.

Abin da Auta ya gani, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne fuskar Kawun kansa. Kullum da safe tsohon zai fito daga gida haɓarsa duk yanka, wani lokaci har da filasta. Da wannan hannun mai rawa yake aske kansa a banɗaki, ga ɗan ƙanwarsa da aska a shago yana hamma. Wannan ya fi masa ciwo a kan gemun layin gaba ɗaya.

Ana haka Tsinke ya fara zuwa. Tsohon abokinsa ne na tasha, siriri, kullum a kan babur, ba a san sana'arsa ba kuma ba a tambaya. Yakan tsaya a tsallaken titi ya yafito shi.

"Har yanzu kana nan kana share gashin mutanen da ke tsoronka?" in ji Tsinke. "A nan Ɗan Wuƙa suke ce maka, a wurinmu ma Ɗan Wuƙa ne, amma mu in mun faɗa tashi ake yi a ba ka wuri. Tunda sunan ya bi ka, ai gara ka ci moriyarsa."

Auta ya kore shi sau ɗaya, ya kore shi sau biyu. Amma magana ta riga ta shiga. In mutum ya tuba ba a yarda ba, to tubar ta wa? Ranar da abin ya ishe shi ya ce wa Tsinke ya dawo da yamma. Ya haɗa 'yan kayansa a leda ya tura ƙarƙashin teburin madubi, bai gaya wa mahaifiyarsa ba don ya san kuka za ta yi.

Da yammar benci a cike yake. Wani baƙo ya zauna, aka yi masa aski, yana shirin miƙa haɓa sai Tela ya yi gyaran murya, ya ɗan kashe masa ido. Nan take baƙon ya tuna shi ma tara gemu yake yi. Kawu ya gani, ya hau faɗa kamar kullum, har yana buga sanda a ƙasa.

Direba dai yau bai ce gaskiya ne ba. Ko zafin rana ne, ko ƙaiƙayin gemu, oho. Ya ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, kullum mu kake yi wa faɗa. Kai wa ke yi maka gyaran fuska? Wannan filastar ta haɓarka fa? Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa."

Benci ya kwashe da dariya, sannan dariyar ta mutu da kanta. Kawu ya kai hannu ya taɓa filastar. Ya buɗe baki zai ce ai sabo ne, tun yana saurayi shi ke aske kansa, sai idonsa ya faɗa kan madubi. A ciki ya ga fuskar Auta, ya ga ledar da ke leƙowa a ƙarƙashin tebur, ya ga babur a tsallaken titi. Tsohon ba wawa ba ne. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi.

Ya miƙe da ƙyar, ya jingina sandarsa, ya ɓalle filastar ya yar, ya zauna a kujerar askin da baƙon ya bari. "Auta, sa mini tawul."

"Kawu, ba sai ka yi don su ba."

"Kai, rufe mini baki. Kwastoma ya zauna kana yi masa musu? Haka aka koya maka?"

Auta ya yafa masa ƙyalle, ya shafa kumfa a hankali, yana kauce wa tsofaffin yankan. Ya sa sabuwar reza. Kawu ya kwantar da kai, ya rufe ido, ya hau minshari tun aska ba ta taɓa shi ba. Minsharin ƙarya ne, kowa ya sani. Wanda ke barci ba ya damƙe hannun kujera har jijiyoyi su fito, kuma maƙogwaronsa ba ya hawa da sauka haka. Auta ya gani. Ashe tsoron na nan, amma duk da haka tsohon ya miƙa wuyan.

Ya fara daga saje. Ya ja fatar da babban yatsa, ya sauko da askar, ya goge a tawul. A waje Tsinke ya danna hon. Auta bai waiga ba, mai aska a wuyan mutum ba ya waige. Ya bi kumatu, ya bi ƙarƙashin hanci, ya ɗaga haɓar da yatsa biyu ya gangara wurin da kowa ke dafewa. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka da kar-kar ɗin reza a kan gashi.

Can minsharin ya tsaya. Yatsun Kawu suka saki hannun kujera ɗaya bayan ɗaya, bakinsa ya ɗan buɗe, silifas ɗin ƙafarsa ya sulale ya faɗi. Sai ga wani minsharin daban ya taso, mai ɗan fito a ƙarshe, wanda Auta ya sani tun yana yaro yana kwana a ɗakin Kawu, wanda matar Kawu ta sha yin ƙorafi a kansa. Wannan kam ba a ƙirƙirarsa.

Dole Auta ya ɗaga askar, don idonsa ya cika ba ya gani sosai. Ya goge da gefen hannu, ya ja numfashi, ya ƙarasa aikinsa. Ko ƙwarzane babu. Da ya ɗago kai, tsallaken titi ba kowa sai mai sayar da lemo.

Ba wanda ya iya tashin tsohon. Direba ya daɗe yana susar haɓa, sannan ya matso bakin benci, ya rage murya kada ya tashe shi.

"Auta, in ya farka ni ke biye. Wallahi gemun nan ya hana ni barci."

"Kai da uwargida ta ce ya yi maka kyau?" in ji Tela.

"Kai dai yi shiru, naka ko reza ba ya buƙata, almakashi ya isa."

Sai daga baya Auta ya lura da sunan da aka kira shi da shi: Auta, ba Ɗan Wuƙa ba. Ya sa ƙafa ya ƙara tura ledar can ciki, ya ɗauko kwalin reza ya ɓare sabuwa, ya tsaya yana jiran Kawu ya gama barcinsa.