Sunan Tillery a Ƙetaren Kogi

Shekara goma sha ɗaya Marlene Tillery ta yi tana riƙe da kamfanin rufin gidaje da mahaifinta ya bar mata a Evansville, ba ta taɓa buga ƙusa ko ɗaya a ƙetaren kogi ba. Sai a shekarar da ƙanƙara ta sauka a Henderson, garin da ke ƙetaren, ta farfasa rufin unguwanni uku, waya ta hana ta sakat. Tafiyar ba ta kai rabin awa a mota ba, amma can jihar Kentucky ce, ita kuwa takardunta na Indiana ne. Dole sai ta yi rajista a can kafin ta hau rufin kowa.

Ta karɓo shaidar cewa kamfaninta ba shi da tabo a jiharsu, ta samu lauya a Henderson da zai riƙa karɓar mata wasiƙun hukuma, ta cike fom ta aika. Kwana tara takardar ta dawo. Wani ya riga ya yi rajistar sunan Tillery a wannan sana'a. Ko dai ta kawo yardarsa a rubuce, ko ta nemi wani suna. Lauyan ya karanto mata sunan mutumin ta waya. Dwight ne, ƙanenta.

Rabonta da shi tun ranar da aka karanta wasiyyar mahaifinsu, ya ji an ba ta kamfani shi kuma an bar masa tsohuwar mota, ya tashi ya fita ko hularsa bai ɗauka ba.

Ran Asabar ta ɗauki takardar yardar ta tafi gidansa. Ta same shi a baranda da sanda jingine a gwiwarsa. Ashe shekara biyu ke nan da ya faɗo daga rufin wani coci, ƙugunsa bai koma daidai ba. Babu motar aiki a ƙofar gidan, babu tsani. Ya ce matarsa ke aiki a asibiti, shi kuma yana zaune, amma duk shekara sai ya sabunta rajistar.

"Ka faɗo daga sama ba wanda ya gaya mini?" in ji ta.

"Ke ma ai ba gaisuwa ta kawo ki ba, Yaya. Ga takarda nan tana leƙowa daga jakarki."

Kunya ta kama ta, amma ta ciro. Ta yi masa bayanin mutum goma sha huɗu da ke aiki a hannunta, da gidajen da ruwa ke zuba a cikinsu. Ta ce in yana so ya zauna a ofis ya riƙa kula da ayyukan wannan ɓangaren. Ya karanta takardar har ƙarshe, a hankali, ya miƙa mata abarta.

"Baba ya ba ki motoci da injuna da mutane. Ni sunan kaɗai na samu na ƙetaro da shi. Shi ma ki karɓe?"

Ta ce sunan nata ne ita ma. Ya ce a can gefen kogin dai. Matarsa ta fito da shayi mai ƙanƙara, ba wanda ya taɓa shi.

Ran Litinin Marlene ta yi rajista da sunan dangin mahaifiyarsu, Boswell. Aka buga mata alluna masu maganaɗisu ɗauke da sabon sunan, kullum da safe ma'aikatanta su manna su a kan sunan Tillery da ke jikin motocin kafin su hau gada. Da yawa daga waɗanda suka kira ta sun riga sun ba wasu aikin, saura kuma sai ta yi ta rantsuwa cewa ita ce dai 'yar Amos Tillery.

Ta yi rufin gida ashirin da shida kafin sanyi ya shigo. Ɗaya daga ciki yana layin su Dwight. Kwana uku tana saman rufin tana hango barandarsa, bai fito ba, ita ma ba ta ƙwanƙwasa ba.