Shehu Mai Inji

Da aka kira sunan Zubaida, filin makarantar 'yan matan da ke Bukkuyum ya riga ya cika maƙil da iyaye. Ranar yaye ɗalibai ce. A layi na uku, ƙarƙashin rumfa, mahaifinta Shehu yana zaune cikin farar rigarsa ta Juma'a. Bai san abin da za ta karanta ba.

Wata biyu kafin nan, Malama Alice mai koya musu adabi ta shafe mako guda tana bayani kan jarumin da ƙarshensa ke zama abin tausayi. Ta ce babban mutum ne, wanda halin da ya ɗaukaka shi shi ne ke kayar da shi, har ya wayi gari bai san ko shi wane ne ba. Ta ce kowace ɗaliba ta zaɓo irinsa daga littattafan da suka karanta. Sauran suka ɗauko sarakuna da mayaƙa. Zubaida ta cika shafi huɗu da labarin ubanta.

Malama ta kira ta ofis. "Zubaida, ai daga littafi na ce."

"Malama, na duba. Duk abin da kika faɗa, a zauren gidanmu na fara ganinsa."

Malama Alice ta daɗe tana juya shafukan. "Ya fi na kowa, kuma shi ya cancanci a karanta ranar biki. Amma mutumin nan yana raye. Ke za ki koma gida tare da shi, ba ni ba."

Zubaida ta ce ta ji, ta kuma yarda.

Yanzu ga ta a gaban lasifika. Ta kafa ido a kan takarda, ta fara.

Ta faɗi yadda wani manomi a ƙauyen Yargalma ya sayar da shanun nomansa ya sayo injin niƙa duwatsun zinare, ana yi masa dariya, bai saurari kowa ba. Cikin shekara biyu rufin kwano ya mamaye unguwarsu, aka koma kiransa Mai Inji, ana miƙewa idan ya shigo taro. Sai yara suka fara suma suna mutuwa. Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar duwatsun da ake niƙawa a tsakar gida. Mutumin da bai saba sauraron kowa ba ya tsaya a bakin ƙofa ya kore su, kwana uku a jere. A cikin kwanakin nan ne ƙaramar 'yarsa ta rasu.

Wani ya yi tari a baya. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Zubaida ta ci gaba. Washegarin jana'iza ya fitar da injin da kansa, ya ɗauki shebur ya fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidansa, sannan ya bi gida gida yana roƙon a bar likitoci su shiga. Wasu suka ce shi ya kashe 'ya'yansu. Wasu suka ce shi ya ceci sauran, har da ita mai wannan karatu. Ya koma gona. Har yau idan aka kira shi Mai Inji ba ya waiwayowa, idan aka gode masa kuma sai ya bar wurin.

"Bai san da wane suna zai amsa ba," in ji ta. "Ni dai Baba nake ce masa."

Babu wanda ya tafa. Shehu ya miƙe tsaye.

"Zubaida." Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Kwana nawa kinka ce?"

"Uku, Baba."

"Arba'in ne. Kwana arba'in ina korar mutanen nan. Kada ki rage mini, ba a gyara magana irin wagga." Sannan ya ƙara da cewa: "Kuma yarinyar tana da suna. Maimunatu."

Shekara goma sha biyar ke nan Zubaida ba ta ji sunan nan a bakinsa ba.

Malama Alice ta taso ta miƙa mata biro. Zubaida ta dafa takardar a kan tebur, ta soke, ta gyara, jama'a na kallo. Sannan ta sake karanta wurin tun daga farko, kalma bayan kalma, shi kuwa yana tsaye, kansa a miƙe, har ta kai aya.

Ya gyaɗa kai, ya zauna. Tafi ya fara daga layin malamai, ya bazu har bakin ƙofa. Shehu bai tafa ba. Ya juya ga wani baƙo da ke gefensa, wanda bai tambaye shi komai ba.

"Ɗiyata ce," ya ce.