Murya Ta Bakwai

A baro suka kawo ta, lulluɓe da tsohon zanen atamfa kamar majinyacin da ba a son rana ta taɓa. Nusaiba ce ke turawa. Gwaggo Tasalla na biye, tafin hannunta a kan zanen tun daga gida har ƙofar shago.

Abdulrasheed ya gane amfilifayar kafin a gama yaye zanen, ko da yake a hoto kawai ya san ta. Ta Jamaluddeen ce, ɗan gwaggonsa. A Maraɗi ya sayo ta, baƙa, mai lasifika ɗaya da ta kai faɗin faifai, kuma da ita yake kaɗa jitar bes a gidajen biki daga Isa har ƙauyukan bakin iyaka. Duk wannan ya faru ne Abdulrasheed yana Ikko, inda ya yi shekara goma sha biyu yana koyon gyaran kayan lantarki. Sanda ya dawo Sabon Birni ya buɗe shago, mai amfilifayar ya yi wata shida a daji.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. 'Yan bindiga ne suka tare motarsu a hanyar Isa. Uwarsa da matarsa Nusaiba suka taso daga Kurawa, suka kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa.

Ya gaida gwaggonsa da ƙarfi, bakinsa dab da kunnenta, don kunnuwan sun daɗe da yin nauyi. Ta amsa, ta ce har yau ɗan Ikko bai iya durƙusawa ba, sai dai ya ranƙwafa kamar mai neman allura a ƙasa. Nusaiba ba ta yi dariya ba. Ita ta yi bayanin abin da ya kawo su, a tsaye, ba tare da ta zauna kan bencin da ya nuna mata ba.

Rabin labarin ya riga ya sani. Labbo mai albasa, wanda aka kama tare da Jamaluddeen, ya kuɓuto kafin ƙaramar salla, ya kuma rantse a gaban liman cewa ya bar shi kwance gindin wata marke, zazzaɓi ya cinye shi, ba ya motsi. Liman ya jinkirta, ya yi bincike, daga baya ya sa rana: za a yi masa addu'a, Nusaiba ta shiga takaba. Sai ga wani saƙon murya yana yawo daga waya zuwa waya. Wani daga cikin mutanen dajin ne ke magana, ya ambaci ragunan layya, wanda ke nuna bayan tserewar Labbo aka ɗauka. Daga nan ya sa mutum tara kowa ya faɗi garinsa. Na bakwai ya ce Kurawa, a shaƙe, sai tari ya biyo baya. Mutum ɗaya tak aka ɗauka daga Kurawa a wannan mota. Amma Labbo ya ce mutanen nan suna iya sa kowa ya faɗi kowane gari.

Nusaiba ta saurara har batirin wayarta ya mutu sau uku, ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Liman ya ce to a ba uwa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai zo gidan da shaidu biyu a kunna a gabansu. In Tasalla ta shaida muryar, an jingine maganar Labbo, Nusaiba ta ci gaba da jira. Jiran wata nawa ko shekara nawa, babu wanda ya faɗa.

Matsalar ita ce Tasalla ba ta jin waya. Ta ce kamar sauro ne ke kuka a cikin gwangwani. Abin da take ji shi ne wannan akwati. Tun yaron na gida, in yana kaɗawa, takan ɗora hannu a kan ragar lasifikar, sautin ya bi ta ƙashinta. Shekaranjiya suka sauko da ita daga kan randa inda take ajiye, wani maƙwabci ya jona musu, fitila ta kama, amma ko uffan.

Ranar Laraba ce, hantsi ya ɗaga.

Abdulrasheed ya jona ta a wutar solar shagon. Jar fitilar ta kama. Ya kara kunne a jikin ragar, bai ji ɗan gunjin da lafiyayyar amfilifaya ke yi ba ko babu kiɗa. Ya sa kebul ɗin jita, ya murɗa ƙara, ya taɓa bakin kebul ɗin da babban yatsa. Da lafiya take da ta yi ruri. Shiru.

Ya ɗauko siririn kebul, ya sa baki ɗaya a wayar Nusaiba, ɗayan a ƙaramar kafar da ake jona waya ko rediyo. Bakin bai shige duka ba. Ya canza kebul, haka dai. Ya ajiye wannan tukuna, ya kwance bayan akwatin. Fis bai ƙone ba. Babu warin ƙuna, babu kashin ɓera, babu ko ƙura. Ya taɓa gyara amfilifayoyin masallatai da ba su kai rabin wannan tsabta ba.

Ya zare wayoyin lasifikar biyu, ya goga su a jikin batirin tocila. Takardar lasifikar ta yi tsalle, ta yi wani ɗan dum. Tasalla, da hannunta bai bar kan akwatin ba, ta zabura.

“Ta yi magana?”

Ya ce mata lasifikar na da rai, saura a gano abin da ya tare hanya. Ta ce dama ta sani, wa ya ce ta mutu.

Ya haska tocila cikin ƙaramar kafar. Wani abu fari ne a ciki. Ya sa matsefata ya jawo, sai ga ɗan curin auduga da ya yi tauri. Yanzu kebul ya shige har ya yi ƙas. Ya kunna wata waƙa a wayarsa. Har yanzu shiru.

Kafa ɗaya ta rage, wadda ake sa hedifon. Ya haska. A can ciki, daidai inda ido ba ya kai wa sai da fitila, akwai guntun sillen kara naɗe da auduga, ya karye ya zauna daram.

Ya tambayi wa ya sa wannan. Nusaiba ta kalli surukarta, ta sunkuyar da kai.

Tasalla ba ta ɓoye ba. Ta ce ita ce, kuma da za a sake ita za ta sake sawa. Ko ya manta zanzaro? Duk hudar da ya samu sai ya cika ta da laka ya yi ɗaki, ko bakin buta ne ko ramin kwaɗo. Daren da aka zo musu da labari ba ta yi barci ba, gari na wayewa ta fere kara ta toshe kowace kafa ta akwatin, yadda uwarta ke toshe bakin gora. Duk wata tana canza audugar. Shekaranjiya ta zare su duka, ba ta lura ɗaya ya karye ba, wata audugar kuma ta maƙale a ciki. Sunan ɗan nata bai fito daga bakinta ba ko sau ɗaya. Ɗan fari ne. Sai dai ta ce mai akwatin.

Abdulrasheed ya yi wa Nusaiba bayani, don ita ce ta tsaya tana kallon hannunsa. A cikin wannan kafa akwai ɗan harshen ƙarfe. In makaɗi ya sa hedifon, bakinsa yana ture harshen gefe, lasifika ta yi shiru, shi kaɗai ya riƙa ji a kunnensa. Akwatin bai san bambancin ƙarfe da kara ba. Wata goma sha huɗu yana zaton akwai mai sauraro shi kaɗai.

Ciro karan ya ɗauke shi lokaci. Ya ƙi matsefata, sai da ya kwance kafar daga ciki ya turo shi da allura. Ya ajiye guntun a kan tebur. Harshen ƙarfen ya saba da zama a buɗe, bai koma ba. Ya goge shi da sifirit, ya lanƙwasa shi a hankali har ya taɓa ɗan'uwansa. Ya kunna. Gunjin ya taso, ƙasa-ƙasa, ya cika shagon.

Kafin ya ba kowa, ya sa nasa hedifon ya saurari saƙon, wai yana gwada kafar. Iska na kaɗawa a ciki, akwai kukan akuya daga nesa. Ya ji na bakwai. Ya mayar, ya sake ji. Muryar Jamaluddeen da ya sani ta yaro ce ɗan shekara goma sha bakwai, mai yi masa tsiyar taubasantaka a bakin rijiya. Bayan wannan sai gaisuwar salla a waya, sau uku ko huɗu, layin yana yankewa. Wannan kuwa muryar mutum ce da yunwa ta ci. Bai iya cewa ta Jamaluddeen ce ko ba tasa ba ce. Ya cire hedifon ɗin.

Maɓallin bes, mai kaurara sauti, na can ƙarshe, na siririn sauti kuma a ƙasa. Haka makaɗin ya bar su. Abdulrasheed ya san abin da hakan zai yi wa magana: zai cinye kaifinta, ya bar kauri kawai, duk namijin da ya yi magana ya fito da ƙirji ɗaya. Ya kai hannu zai daidaita. Tasalla ta buge hannun.

“Bar shi yadda ya bar shi.”

Ya fara yi mata bayani a kunne. Ta ce a haka ta saba jin shi, ba ta zo koyon boko ba. Ya bari.

Ta gyara zama a kan benci, ta yi bisimilla, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan ragar, ta rufe ido. Nusaiba ta danna wayar.

Mai bindigar ya yi maganarsa, ragar tana rawa ƙarƙashin yatsun tsohuwar. Na farko ya faɗi garinsa. Na biyu. Fuskarta ba ta motsa ba. Masu wucewa biyu suka tsaya a ƙofa, Abdulrasheed ya ɗaga musu hannu suka wuce. Na huɗu. Na biyar. Na shida dattijo ne, ko a cikin wannan kaurin ana jin ba shi da haƙoran gaba. Ya ja numfashi ya ce, “Turba.”

“Shi ne,” in ji Tasalla.

Ta ɗauke hannunta daga ragar, ta rufe fuskarta da shi. Na bakwai ya ce Kurawa, ya yi tarinsa, babu hannun kowa a kan akwatin. Na takwas da na tara suka wuce. Saƙon ya ƙare, gunjin ya rage.

Tasalla ta share fuska da bakin mayafi. Ta ce ta san zai rame, amma ƙirjin nan ba ya ɓuya, na ubansa ne. Ta ce Allah ya yi wa ɗan Ikko albarka, ashe tafiyar ba ta banza ba ce. Sannan ta miƙe ta ce za ta leƙa wurin Habi mai ƙosai, 'yar garinsu, ta faɗa mata. Tafiyar da ta yi zuwa bakin titi ba irin wadda ta zo da ita ba ce.

Abdulrasheed ya kashe akwatin, ya fara mayar da sukurorin baya. Nusaiba na tsaye inda take. Da ya ɗaura na uku ta yi magana.

“Ka ji inda ta ce shi ne.”

“Na ji.”

Ta tambaye shi ko zai faɗa wa liman. Ya ce in an tambaye shi zai faɗi abin da ya gani. Ta ce ba za a tambaye shi ba, shi mai gyara ne. Ya ce ba ma sai an tambaye shi ba. Ranar Juma'a liman da shaidunsa suna da kunne. Za su ji mutumin ya ce Turba, su ga inda ta ɗaga hannu. Daga nan maganar Labbo ce za ta tabbata, ita Nusaiba kuma ta yi takabar wata huɗu da kwana goma ta san matsayinta.

“A gaban mutane Inna za ta ji ba shi ba ne ke nan,” in ji Nusaiba.

Ya ɗaura sukuru na huɗu.

“In kuwa akwatin bai yi magana ba ranar?” ta tambaya.

Ya ce to sai liman ya ɗauki shaidar da gwaggonsa ta yi yau, tunda ga su su biyu sun ji ta ce shi ne. Amma akwatin zai yi magana. Ya gyara shi, kuma gyaransa ba ya dawowa.

Ta ce ta sani. Ta ce wata goma sha huɗu suna kwana ɗaki ɗaya da Inna, yau ce rana ta farko da ta ga ta tafi wani wuri ba ta dafa bango ba. Ta faɗe shi ne yadda ake faɗin farashin gero, ba ta kalle shi ba. Shi ma ya so ya ce mata shekarunta ashirin da uku ne, sai ya ga ta fi shi sanin wannan.

Suka ɗora akwatin a baro. Ta lulluɓe shi da zanen, ta soke gefunan. Sannan ta ɗaga gefe ɗaya, ta nuna jerin kafofin da yatsa.

“Wacce ce mai sa ta shiru?”

Ya nuna mata. Ta ƙarshe, daga dama.

Ta koma cikin shagon kamar ta manta wani abu. Guntun karan na nan kan tebur kusa da matsefata, audugarsa ta yi baƙi. Ta ɗauka, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ƙulli biyu.

Daga bakin titi Tasalla na ɗaga mata hannu ta yi sauri. Nusaiba ta kama hannuwan baron. Taya ta yi ƙara sau ɗaya, ta fara juyawa.

Abdulrasheed ya share teburin, ya jawo rediyon da ke jiran sa tun jiya.