Zuciya ta Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Aikin Sista sauraron zukatan mutane ne, amma ba irin na masoya ba. Wata gidauniya ce ta ɗauki nauyin bincike kan ciwon zuciya, ta ba asibitinsu mota da rumfa da na'ura mai naɗar bugun ƙirji. Duk Laraba sukan kafa rumfa a bakin kasuwa, direba na ta shela da lasifika a rage gishiri, mutane na gyaɗa kai suna wucewa sayen gishirin. Wanda ya yarda ya zauna, Sista ta ɗora masa na'urar. Sauran ranakun tana wani ɗaki marar taga a bayan asibiti, abin sauraro a kunne, tana bin faya-fayan da na'urar ta naɗa ɗaya bayan ɗaya. Dokar binciken ita ce ba a sa suna a jikin faifai, sai lamba. Sunayen na cikin rajista a durowar Likita.

Ranar Alhamis da rana ta kai ga lamba ɗari biyu da sha huɗu. Da farko ta ɗauka wayar abin sauraron ce ta lalace. Tsakanin bugu da bugu akwai wani huci, kamar iska na fita daga tayar keke. Ta maimaita sau uku, sannan ta kira Likita.

Likita ya saurara ido rufe. Mutum ne mai yawan barkwanci, amma da ya cire abin sauraron babu alamar wasa a fuskarsa.

"Ƙofar zuciyar ce ta tsuke," ya ce. "In an yi aiki da wuri, mai ita zai tashi. In aka bari, wata rana yana cikin tafiya sai dai a ji ya faɗi. Nemo mana shi, Sista."

Suka buɗe rajista. Ɗari biyu da sha uku wani tela ne, ɗari biyu da sha biyar wata mai sayar da kwanuka. Layin tsakaninsu fari fat, ko ɗigon biro babu. Kuma rubutun shafin duka na Sista ne, balle ta ɗora wa wani laifi.

Abin ya tsaya mata a rai. Akwai wani a garin nan yana cin abincinsa, yana faɗa da 'ya'yansa, bai san abin da ke ƙirjinsa ba, ita ce kuma ta ɓatar da shi. Washegari ta sake kunna faifan ko za ta tsinci murya ko tari a bayansa. Babu. Da ta cire abin sauraron, hucin bai tsaya ba. Ta ce fanka ce, ta kashe fanka. Ta zare wayar kwamfuta daga bango. Yana nan dai, ƙasa-ƙasa, a cikin ɗakin tare da ita. Tsoro ya kama ta sosai, ta fice ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Ba ta jira Laraba ba. Asabar da safe ta shiga kasuwa, ta fara da mai kwanuka.

"Wa ya tashi daga kujerar kafin ki zauna, Inna?"

"Ni dai 'yar nan, kujera na tarar babu kowa. Ko aljani kuka auna?" Tsohuwar ta yi dariya, Sista ba ta taya ta ba.

Tela na can ƙarshen layi, allura a baki. Ya gane ta nan take, ya tura mata benci.

"Malam, bayan na gama da kai wa ya zauna?"

"Ba kowa, Sista. Ai ina tashi na'urarku ta mutu. Ina tsaye ina ɓalla maɓallin rigata kika canza batir. Sai kika juya baya kika ɗora ta a ƙirjinki, har kika ce min haka kuke yi in an canza batir, ku gwada a jikinku sannan ku goge."

"Na goge?"

"To, wannan kuma ban sani ba. Iska ce ta taso za ta kwashe rumfar, kika ajiye na'urar kika ruga kama ƙarfe."

Sista ta zauna a bencin. Tela ya ga yadda fuskarta ta koma, ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Ta ciro waya ta kira Likita.

"Likita, na same ta."

"Madalla! Mace ce ashe. Kin yi mata bayani? Yaushe za ta zo?"

"Ta san bayanin duka," Sista ta ce. "Tsoro take ji, Likita. Ka turo direba ya ɗauke ni."