Golan da Ba a Taɓa Ci Ba

A kakar bara, ƙungiyar ƙwallon Kwalejin Sana'a ta Gabashin Gobir da ke Sabon Birni ta yi wasa takwas a gasar kwalejojin shiyya, ta ci takwas. Ko ƙwallo ɗaya ba ta taɓa ragarta ba. Liman ya ce addu'a ce. Shugaban kwaleji ya ce tarbiyya ce. Dattawan bakin kasuwa suka ce jinin mayaƙan Alkalawa, tsohon birnin Gobir, ne ya motsa. Labbo, mai tsaron gidan ƙungiyar, ya san dalili, su ma kuma sun sani: babu ƙungiyar da ta zo.

Wani ne a ofis can Sakkwato ya duba taswira, ya ga Sabon Birni ta dace a yi duk wasannin rukunin arewa a cikinta. Bai taɓa bin hanyar ba. Sauran kwalejojin kuwa sun san abin da ke kwance a dajin, sai kowa ya zauna gida. Ranar wasa Labbo da 'yan'uwansa su sa riga, su jira rabin awa. Rafli ya busa usur, kyaftin Mus'ab ya doka ƙwallo cikin ragar da babu kowa, sai duk su ruga gefen fili a ɗauke su hoto. Wannan shi ake kira wakoba, maki uku ke nan. Sau takwas aka yi haka, har ƙafafunsu suka haddace.

Da wasan ƙarshe ya gabato da zakarun ɗaya rukunin, 'yan wata kwaleji ta garin Isa, sai labari ya zo cewa wani Malam Zainulabidin zai halarta. Wata ƙungiyar birni ce ta aiko shi neman gola guda, don ta ji akwai yaron da ba a taɓa ci ba. Labbo na shekararsa ta ƙarshe. In ba a ɗauke shi ba, babansa ya riga ya gyara masa babur a garinsu Burkusuma, zai koma dakon buhuna zuwa Nijar. Ya iya kama ƙwallo tun yana ƙarami, abin da ba ya da shi kawai shi ne wanda zai bugo masa.

Ya sami Koci Maliki a inuwar itacen bedi yana cin gyaɗa.

"Koci, da mun ɗan yi atisaye. Mutanen ga na Isa wasa sunka yi da gaske."

"Atisaye? So kaka yi wani shi karye muna kahin ranar? Takwas munka ci babu shi."

"Babu kowa munka ci, Koci."

"Kai dai, ɗan Burkusuma, bakinka ya fi hannunka aiki. Wa za shi biyo hanyag ga saboda ƙwallo?"

Sai ga 'yan Isa sun biyo ta. Ranar ta dace da ayarin 'yan kasuwa mai rakiyar soja, suka cika bayan a-kori-kura suka iso bayan azahar. Gari ya cika fili. Malam Zainulabidin ya zauna kan farar kujerar roba, littafi a cinya.

Rafli ya busa usur. Mus'ab ya doka ƙwallo gaba kamar kullum, sai mutum goma suka juya suka ruga gefe, suka jeru, na gaba suka durƙusa. Mai hoto ma ya saba, ya ɗauka. Labbo ya ɗaga kai ya ga 'yan Isa na tahowa, babu kowa tsakaninsa da su.

Ya kaɗe ta farko. Ya kaɗe ta biyu da gwiwa. Ta uku ta shiga.

Abokan wasansa suka dawo fili, amma dawowar ba ta ƙara komai ba. Kafin hutun rabin lokaci, mutum biyu sun fita suna haki, ɗaya ya ce takalmi ne ya matse shi. Labbo ya yini a sama da ƙasa. Ya kama fanareti biyu, yatsansa ya kumbura, leɓensa ya fashe. Wata mai sayar da ƙosai, Hadiyya, ta ƙirga masa ashirin da shida da ya tare kafin ta gaji. Bakwai suka wuce. A ɗaya gefen, golan Isa, wani Talha, ya jingina da ƙarfen raga yana shan rake. Ƙwallo ba ta zo ko gaishe shi ba.

Da aka tashi, Labbo ya ɗingisa zuwa wurin farar kujera.

"Malam, ka dai gani da idonka."

"Na gani, yaro, wallahi ka yi ƙoƙari. Amma ni gola anka ce in kawo wanda ba a ci ba. Mi za ni rubuta? Bakwai?"

"Shi wancan ko taɓa ta bai yi ba!"

"To, ka gani. Babu wanda za shi ce ya yi kuskure."

Ya rufe littafin, ya yafito Talha, ya ce ya wanke hannu ya zo ya cika fom.