Sauran Furar Attahir

Duk Gangara babu wanda bai san hannun Rahamatu a turka ba. Ka kawo mata ragon da ya sha wuyar rani, haƙarƙari a waje, ƙafafu na rawa, ta ɗaure shi a turke ta bi shi da harawa da dusa da ƙasari da ɗan kanwa, kafin Layya sai ka rantse canza shi aka yi. Tafin hannu kawai take ɗorawa a gadon bayan dabba, ta ɗan matsa, ta gaya maka ko nama ya fara zama ko da saura. Ga baki kuma, wallahi. In ta ga tunkiyar maƙwabta a rame sai ta ce babu wani ciwo, rowar mai ita ce.

To, mijin wannan matar ne ya kama ramewa.

Attahir manomi ne, ƙato, wanda ba ya wasa da tuwo. Bayan girbi ya fara cewa cikinsa na ƙuna, abinci ya fita ransa. Aka sha saiwa, aka sha rubutu, aka je asibitin Tanut, daga can aka tura su Damagaram. Lokotoro, wato likitan can, ya ce ciwon daji ne a tumbi, kuma ya riga ya taɓa hanta. Rahamatu ba ta tsaya kan sunan ciwo ba. Abin da ta sani ta tambaya: me za ta ba shi ya mayar da jikinsa?

Lokotoron ya yi mata bayani a natse. Ya ce ciwon ya tayar da wani kumburi a cikin jiki, ba irin wanda ake gani a fata ba, jini ke yawo da shi. Shi ke narkar da tsoka da kitse, shi ya kashe masa son abinci, shi kuma ke sauƙaƙa wa ciwon hanyar bazuwa. Ya ce a ba shi abin da ransa ke so kaɗan-kaɗan, kada a matsa masa, don abinci shi kaɗai ba zai tsayar da wannan rama ba.

Ta ce to. A mota kuwa, kan hanyar gida, ta ce a ranta yaron nan ko akuya bai taɓa turkewa ba.

Sai ta ɗaura ɗamara. Fura da kindirmo, kunun gyaɗa, romon kaza, man shanu a kan komai, har madarar raƙumi ta aika aka karɓo mata wajen Buzayen Tarka. Ta tsaya a kansa da ƙwarya yadda take tsayawa a bakin turke, tana lallashi, tana faɗa. Shi kuma don kunyarta ya kurɓa, ya runtse ido ya haɗiye, wani lokaci ya dawo da shi duka. Abinci kuwa ba a zubarwa a gidan Rahamatu. Abin da ya rage sai ta juye wa ragon Layyarsu.

Da yayarsa Dado ta zo dubiya daga Ollelewa, ta dubi ƙanenta, ta fito ta dubi ragon, ta faɗa a gaban mata cewa a gidan nan dabba ta fi mutum gata. Maganar ta ƙona Rahamatu ƙwarai. Ta dai ƙara yawan ƙwarya.

Wajen wanka ne abin ke kashe mata jiki. Tana cuɗa masa baya, hannun nan nata da bai taɓa yi mata ƙarya ba sai ya matsa da kansa, ya ji ƙashi, ya ji fata ta saki. Kowane mako abin da hannun ke samu raguwa yake. Tsoro ya kama ta sosai, kuma ba ta san wani abin yi ba in ba dama fura ba.

Ana saura kaɗan Salla, da hantsi, ta shigo da ƙwarya. Attahir ya kama wuyan hannunta, riƙon ma babu ƙarfi.

"Rahamatu, don girman Allah ki ajiye. In na hango ki da ƙwarya gabana faɗuwa yake. Ki zo haka nan ki zauna kusa da ni, ba sai da komai ba."

Ta ajiye. Ta zauna a gefen tabarma, ta rasa inda za ta sa hannayenta. Ya jawo ɗaya ya ɗora a ƙirjinsa, barci ya ɗauke shi. Rabon da ta ga fuskarsa ta saki haka tun kafin Damagaram, sai ta gane ashe duk watannin nan ita ma tana cikin abin da ke wahalar da shi.

Ta ɗauki ƙwaryar ta fita. Ragon na ganin ta ya miƙe da ƙyar don ƙiba, ya tsoma baki. Maƙwabciyarta Ramla ta leƙo ta saman darni, ta riƙe haɓa.

"Tubarkalla, Rahamatu! Bana kam hannunki ya wuce na kullum. Me kike ba shi haka?"

Rahamatu ta dubi furar Attahir da ragon ke sha. Ta tsaya riƙe da ƙwaryar har ragon ya lashe ta tas.