Ramin Tanti Eudora

Tanti Eudora tana cikin juya kifi a kan garwashi ta ji wata ƙara da ba ta saba ji a hanyar ba. Ba ta bas ba ce, don duk bas ɗin da ke hawowa dutsen nan ta san irin tarinsa. Da ta ɗaga kai sai ga motar kwalta tana nishi, a bayanta injin daɓe titi, sannan a-kori-kura maƙare da ma'aikata masu riguna ruwan lemo. Suka zo suka tsaya daidai bakin ramin.

Ramin nan ya ga hawan ministoci da saukarsu. Guguwar teku ce ta fara haƙa shi, damina ta ƙarasa aikin, har ya cinye fiye da rabin titi a kwanar ƙauyen Morne Sabot. Da mutane suka gaji da kai kuka, sai suka yi abin da aka saba yi a wannan tsibiri nasu, suka dasa ayaba a ciki don gwamnati ta ji kunya. Gwamnati ba ta ji komai ba. Ayaba kuwa wuri ya karɓe ta, ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Duk motar da ta iso nan dole ta yi tafiyar kunkuru, ta raɓa ta gefe. To a nan Tanti Eudora ta kafa rumfarta, tana sayar da gasasshen kifi da soyayyen burodi da ruwan kwakwa. Fasinja kan miƙo hannu ta taga, kwandasta ya dire ya saya wa direba, ya koma ya hau kafin tayar baya ta fita daga laka. Ramin ne ya ciyar da ita, shi ya sake mata rufin kwano bayan guguwa. Amma duk safiyar duniya sai ta buga waya gidan rediyo, a filin koke-koken jama'a, ta wanke ministan ayyuka tas a kan ramin. Da kwanciyar hankali take yin haka, domin ta tabbata babu mai saurare. A ƙasar nan zagin gwamnati kamar wanke baki ne da safe, kowa yana yi, ba wanda ke jiran amsa.

Shugaban ma'aikatan ya diro daga mota yana washe baki. Lennox ne, ɗan wata ƙawarta da suke waƙa tare a coci.

"Kai Lennox, ɓatan hanya kuka yi ne?"

"Ina kwana, Tanti. Yau dai Allah ya amsa addu'arki."

"Wacce daga ciki?"

"Ta ramin mana. Minista cewa ya yi ko a toshe ramin ko a toshe matar nan ta rediyo. Muka duba muka ga ramin ya fi sauƙi."

Ma'aikatan suka kwashe da dariya. Ita kuwa ba ta taya su ba. Gaskiyar maganar, da Lennox ya faɗa mata daga baya yana cin burodinta, ba muryarta kaɗai ta jawo ba. Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ne ya sauke mutanen da suka fi duk gundumar yawa, aka ɗebo wasu za a kai su kallon ruwan da ke zubowa daga dutse, motarsu ta afka ramin, haƙoran roban wata tsohuwar Baturiya suka yi tsalle suka fita ta taga. Hoton ya zaga duniya. Abin da haƙarƙarin 'yan ƙasa bai samu ba shekara da shekaru, haƙoran baƙuwa suka samo shi a mako guda.

"Ku da kuke da kwalta haka, ba gara ku fara da gadar da ke can gangare ba? Saura ƙiris ta rufta da mutane."

"Gada ba ta shiga hoto ba, Tanti."

"To ayabar fa? Ta kusa nuna. Ku dawo bayan Kirsimeti."

Lennox ya karɓi adda ya sare kan ayabar da kansa, ya kawo ya ajiye mata a gindin tebur cikin ladabi. Ta dube shi kamar ta rufe shi da duka, sai dai da wane baki za ta ce a bar mata rami, ita da duk tsibirin ya san muryarta? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ta zauna tana kallo aka tumɓuke ayabar, aka zuba tsakuwa, aka malala kwalta, injin daɓe ya yi ta safa da marwa a kai.

Ba cinikin kaɗai ke damunta ba. 'Yarta Shermaine tana Toronto, kuma ta daɗe tana matsa mata lamba ta tattara ta koma can. Haka ƙauyen ya ƙare. Matasa suna Toronto da London da Brooklyn, wasu suna wanke kwanuka a cikin jiragen da ke kawo baƙin, an bar tsofaffi da manyan gidajen da aka gina da kuɗin waje aka garƙame, awaki suna kwana a barandarsu. Tanti Eudora ta taɓa zuwa Toronto sau ɗaya, lokacin ƙanƙara. Ta zauna a kulle a hawa na sama tana renon jikokin da ba su iya gaisuwa ba, ba wanda ya san sunanta a duk layin, ta dawo da ciwon gwiwa. Tun daga nan amsarta ɗaya ce ga Shermaine: ina da sana'ata, ba ni da lokacin zaman ɗaki.

Da rana ta take tsaka aka buɗe hanya. Bas na farko ya taho, na Philbert ne, wanda kullum sai ya sayi kifi biyu. Ya wuce fiii, yana danna oda, kansa a waje.

"Tanti, kin yi mana aiki, Allah ya biya ki."

Iskar motar ce kawai ta tsaya a rumfar. Na biyu ma haka, na uku har fasinjoji suka tafa mata. Kifi ya bushe a kan garwashi, burodi ya saki jiki a cikin kwando, ba ta taɓa shan godiya irin ta ranar ba.

Can sai ga kansila, Mista Alleyne, ya iso da mai ɗaukar hoto. Ya tsaya a kan sabuwar kwalta ya riƙe ƙugu, sannan ya jawo Tanti Eudora ya dafa kafaɗarta, wai ga muryar talakawa ga kunnen gwamnati. Maƙwabcinta Cuthbert, tsohon masunci da ba shi da aikin da ya wuce zama a bencin rumfarta, yana kallo yana tauna ɗanyar ayaba da dasashi, don haƙora ba su rage masa ba.

"Ranka ya daɗe, motocin nan gudu suke yi kamar an koro su," in ji ta. "Ko za a ɗan yi mana tudun nan na rage gudu? Daidai nan wurin."

"Doka ta ce sai a gaban makaranta, Tanti."

"Ga makaranta can."

"Wadda jemagu ke karatu a ciki? Ai tun da yaran ƙarshe suka bi iyayensu waje aka rufe ta. Ku haifo mana yara, ni kuwa in kawo miki tudu har biyu."

"Ni da wa? Da Cuthbert?"

"Ni ban ƙi ba," in ji Cuthbert, "sai dai a ba ni lokaci."

Kansila ya yi dariyarsa ya shiga mota. Ko kifi ɗaya bai saya ba.

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. Shermaine ce, har hoton ya kai mata.

"Mama, na gan ki da kansila, kin yi kyau. An gyara hanya ke nan?"

"An ɗan shafa mata baƙi dai."

"To wa zai tsaya miki yanzu? Mama, ki daina wahalar da kanki. Zan duba tikiti, ki zo kafin sanyi ya yi ƙarfi. Yara suna ta tambayarki."

Ƙarya ne, yaran ba su tambaye ta ba. Da ta kashe wayar sai tsoro ya kama ta, tsoron gaske, irin wanda ko guguwa ba ta taɓa sa mata ba. Ta ga kanta a bakin tagar nan ta Toronto cikin safa biyu, tana kallon farin titi sumul wanda ba mai tsayawa a kansa. Ta rufe fuska da gefen zanen girkinta, wai hayaƙi ne ya shige mata ido.

Cuthbert ya kurɓi giyar rakensa ya ce, "Ke ma dai, Eudora, kamar baƙuwa a ƙasar nan. Yaushe kika taɓa ganin sabuwar kwalta ta yi tsawon rai? 'Yan hukumar ruwa daga nesa suke jin ƙamshinta. Bututunsu a ƙarƙashin nan ya bi."

"Me zai kawo su? Rabon famfo da ruwa tun bikin Ista."

"Ba ruwa ke kawo su ba, yoyo ne. Ka ce musu ba ka da ruwa, su ce ka yi haƙuri. Ka ce ruwansu yana zuba a banza, ka ga gudu."

Ta dube shi. Sannan ta dubi bayan rumfa, inda durom ɗinta na ruwan sama yake, wanda take tattali kamar man ido, da shi take girki da wanka har Allah ya kawo wani hadarin.

"Tashi ka ɗauko bokiti," ta ce.

Suka yi ta jido, ita da ciwon gwiwarta shi da ciwon bayansa, suna lallaɓawa in ba mota, suna tuttulawa a tsakiyar baƙar kwalta har ruwa ya kama hanya ya gangara gefen titi. Da durom ya koma ƙasa ta goge hannu ta buga layin hukumar ruwa, kafin a tashi daga aiki.

"Ɗana, bututunku ya fashe a kwanar Morne Sabot. Ruwa sai malala yake yi ta ƙarƙashin sabon titi."

Ma'aikacin da ya ɗauki wayar ya ce, "Ruwa? A bututun Morne Sabot? Kin tabbata, Tanti?"

"Ga shi ina tsaye a ciki."

"Ikon Allah. To gobe da sassafe muna nan da injin fasa titi."

"In kun gama za ku mayar ku rufe, ko?"

"A'a, Tanti, mu haƙawa ce tamu. Rufewa aikin ma'aikatar ayyuka ne. Sai dai fa ki yi haƙuri, kin san su."

"Haƙuri ai shi muka iya, ɗana."

Ta kashe wayar ta cusa a aljihu. Cuthbert ya zube a benci yana haki.

"Kada ka zauna," ta ce. "Gangara bakin teku ka ce wa yaran kwale-kwale gobe su ninka min kifi. Masu haƙa da yunwa suke zuwa."